Maganin Homon ga Iyayenmu Mata Bayan Ɗaukewar Haila: Amfaninsa da Haɗarinsa

(Lacca ce da aka gabatar a ɗakin taro na Ƙungiyar Ɗalibai)



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, muna godiya ga wannan ƙungiya da ta ba mu damar tsayawa a gabanku. Tun ranar da aka manna sanarwar wannan lacca muka ji wasu suna tambaya, wai me ya haɗa ɗalibi ɗan shekara ashirin da 'yan kai da zancen ɗaukewar haila? Amsar tana cikin lissafi. Kowannenmu ya ƙirga shekarun mahaifiyarsa. Matar da ta haifi ɗan farinta tana da shekara 18 ko 20, a lokacin da ɗan ya gama jami'a ya kama aiki, ta doshi 45 ko ta wuce. Watau ke nan iyayen da yawa daga cikinmu, da gwaggwanninmu, da manyan yayyenmu, suna cikin wannan hali a yau ɗin nan. Kuma mu ne ake miƙa wa takardar likita a ce, "Kai da ka yi karatu, duba mana." Mu ne ake aika wa saƙo idan an rubuta magani mai tsada. Saboda haka tun da nauyin karantawa da na biya suna wuyanmu, ya wajaba mu san abin da muke karantawa.

Maganin da za mu yi magana a kansa ya sha yabo har aka mai da shi kamar ruwan hana tsufa, sa'an nan ya sha zagi har aka mai da shi kamar guba. Abin da muke so mu nuna a yau shi ne, amfaninsa da haɗarinsa sun rataya ne ga tambayoyi uku: wace mace ce za ta yi amfani da shi, a wane lokaci na rayuwarta, kuma wane iri ne daga cikinsa.

Abin da ke Faruwa a Jikin Mace

Da farko, mene ne homon? Homon wani sinadari ne da wata gaɓa ta jiki ke haɗawa ta zuba shi cikin jini, shi kuwa ya tafi ya kai umarni ga wasu gaɓoɓi, kamar dai masinja da ke kai takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Insulin da masu ciwon sukari ke yin allurarsa homon ne. A jikin mace akwai gidajen ƙwai guda biyu, dama da hagun mahaifa, kuma su ne ke haɗa homon iri biyu masu tafiyar da haila da ɗaukar ciki. Na farko sunansa istirojin, na biyu furojastaron.

Kowace mace da adadin ƙwanta ake haifarta, ba ya kuwa ƙaruwa. Idan ya kusa ƙarewa sai gidajen ƙwai su fara rage aiki, haila ta riƙa zuwa tana tsallake wata, yau da yawa gobe kaɗan, har ta ɗauke baki ɗaya. Likitoci suna cewa haila ta ɗauke idan mace ta yi wata 12 a jere ba ta ga jini ba, ba kuwa don ciki ko wata cuta ba. Ga yawancin matan duniya wannan yakan faru ne tsakanin shekara 45 da 55. Ba cuta ba ce, mataki ne na rayuwa, kuma addini ma ya san da shi, domin a cikin Suratuɗ Ɗalaƙ an ambaci matan da suka yanke tsammanin haila aka kuma faɗi iddarsu.

Amma fa istirojin ba a mahaifa kaɗai yake aiki ba. Yana aiki a ƙwaƙwalwa, da ƙashi, da fata, da mafitsara, da jijiyoyin jini. Idan ya janye, sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki sai ya rikice, ya riƙa ɗaukar ɗan ƙaramin ɗumi a matsayin babban zafi. Daga nan ne mace za ta ji wani zafi ya taso mata daga ƙirji, ya hau wuya da fuska, zuciya na bugawa, gumi na karyowa, bayan 'yan mintoci kuma ya wuce ya bar ta da jin sanyi. Da dare yakan tashe ta daga barci tufafinta sharkaf. Rashin barci ya jawo kasala da mantuwa da saurin fushi. A binciken da aka yi a Turai da Amurka, kimanin mata uku cikin huɗu suna samun wannan zafi. Wani dogon bincike na Amurka da aka buga a 2015 ya nuna cewa ga matan da zafin ke yawan taso wa, matsakaicin daɗewarsa ya haura shekara 7, ga baƙaƙen fata na Amurka kuwa ya kai kimanin shekara 10. To, ashe ba abin 'yan watanni ba ne da za a ce a daure kawai.

Akwai kuma abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, bushewar gaba, wadda ke kawo ƙaiƙayi, da zafi wajen kwanciyar aure, da yawan ciwon mafitsara. Ita wannan ba ta warkewa da kanta kamar zafin jiki, ƙaruwa ma take yi da shekaru. Na biyu, zaizayewar ƙashi, wadda ke yin sauri a shekarun farko bayan ɗaukewar haila ba tare da an ji ciwon komai ba, sai ranar da tsohuwa ta zame a bakin rijiya ko a bayan gida ƙashin ƙugunta ya karye.

Maganin homon kuwa, a taƙaice, shi ne a mayar wa jiki ɗan wani kaso na istirojin da ya rasa. Idan mace tana da mahaifarta, dole a haɗa mata da furojastaron ko wani ɗan'uwansa, don dalilin da za mu gani yanzu. Ana yin sa a ƙwaya ta haɗiya, da filasta mai mannewa a fata, da man shafawa, da kuma wani ɗan kaɗan da ake sa wa a gaba kawai.

Daga Yabo Zuwa Tsoro

Tarihin wannan magani yawancinsa a Amurka ya gudana, saboda haka can za mu nufa. A 1929 masana biyu, Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, kowa a ɗakin bincikensa, suka tace istirojin a karo na farko. A 1942 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, watau FDA, ta amince da wani magani mai suna Premarin, wanda ake tacewa daga fitsarin goɗiya mai ciki. A 1966 wani likitan mata na birnin New York, Robert Wilson, ya wallafa littafi mai suna Feminine Forever, inda ya ɗauki ɗaukewar haila a matsayin cuta, ya kuma yi wa mata alkawarin ƙuruciya mai ɗorewa muddin suna shan istirojin. Littafin ya yi kasuwa, maganin ma ya yi kasuwa.

A 1975 aka yi tuntuɓe na farko. Bincike biyu da aka buga a wannan shekara suka nuna cewa matan da ke shan istirojin shi kaɗai sun fi saura kamuwa da sankarar bangon mahaifa, ninki da yawa. Dalili kuwa shi ne, aikin istirojin ne ya kaurara bangon mahaifa, aikin furojastaron kuma ya tsawata masa. Idan aka ba da na farko babu na biyu, bangon zai yi ta kauri ba mai hana shi. Da aka gane haka sai aka fara haɗa su biyun ga duk mace mai mahaifa, wannan haɗari kuwa ya kau. Kasuwa ta sake buɗewa, har likitoci da yawa suka riƙa ba da shi ga matan da ba abin da ke damunsu, bisa zaton cewa yana tsare su daga ciwon zuciya.

Don a gwada wannan zato ne gwamnatin Amurka ta kafa wani gagarumin bincike kan lafiyar mata a 1991, wanda aka fi sani da WHI. A ɓangare ɗaya na binciken an ɗauki mata 16,608 masu mahaifa, 'yan shekara 50 zuwa 79, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka ba su ƙwayar istirojin na goɗiya haɗe da wani furojastaron na roba, rabi kuwa aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a cikinta. A watan Yuli na 2002, bayan shekara 5 da 'yan watanni, aka tsayar da wannan ɓangare tun wa'adinsa bai cika ba. Washegari jaridu da gidajen rediyo na duniya suka ɗauka: maganin yana ƙara sankarar mama da kashi 26 cikin 100, ga ciwon zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki. Mata suka zubar da ƙwayoyinsu, likitoci suka janye hannu. A 1999 fiye da mace ɗaya cikin huɗu na matan Amurka da haila ta ɗauke musu suna amfani da shi; zuwa 2020 ba su kai ɗaya cikin ashirin ba. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Yadda Ake Karanta Alƙaluma

A nan ne muke roƙon ku tattara hankalinku, musamman ku da gobe za ku zauna a ofis ana kawo muku rahotanni cike da alƙaluma. Kashi 26 cikin 100 gaskiya ne, ba ƙarya aka yi ba. Amma kashi 26 na nawa? Ga yadda lissafin yake. A cikin kowace mace 10,000 da suka sha ƙwayar da babu magani, 30 sun kamu da sankarar mama a shekara. A cikin 10,000 da suka sha maganin, 38 ne suka kamu. Bambancin mace 8 ke nan cikin 10,000 a shekara, watau ƙasa da ɗaya cikin dubu. Idan aka auna 8 da 30 sai a sami kimanin kashi 26 ɗin nan da ya firgita duniya. Haka kuma an sami ƙarin mace 7 masu ciwon zuciya, da ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da ƙarin 8 da gudan jini ya toshe musu jijiyar huhu. A ɗaya hannun, an sami ragin mace 5 masu karayar ƙugu, da ragin 6 masu sankarar hanji, amma wannan bai shiga kanun labarai ba.

Ba muna raina mace 8 ba ne. Kowace ɗaya daga cikinsu uwar wani ce. Abin da muke cewa shi ne, macen da ba ta yi barcin kirki ba shekara biyu tana da haƙƙin a gaya mata girman haɗarin yadda yake, a lamba da za ta iya aunawa, sa'an nan ta zaɓa.

Abu na biyu da kanun labarai suka tsallake shi ne, su wane ne aka gwada? Matsakaicin shekarun matan 63 ne, kashi biyu cikin uku sun kai 60 ko sun wuce, da yawansu haila ta ɗauke musu fiye da shekara goma. An tsara binciken ne don a ga ko maganin yana tsare tsofaffi daga ciwon zuciya, kuma ya amsa wannan tambaya sarai: ba ya tsarewa. Kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar wannan amsa a ɗora ta kan mace 'yar shekara 50 da zafi ya hana ta sakat. Da aka koma aka rarraba alƙaluman bisa shekaru, sai aka ga haɗarin ga 'yan 50 zuwa 59 ya fi na tsofaffin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, jijiyar jini mai lafiya tana karɓar istirojin lami lafiya, amma jijiyar da ta riga ta tsufa ta tara kitse, shigowarsa na iya tayar mata da fitina.

Abu na uku, binciken yana da ɓangare na biyu, na mata 10,739 da aka riga aka cire musu mahaifa, waɗanda aka ba istirojin shi kaɗai. An tsayar da shi a 2004 saboda ƙarin shanyewar ɓarin jiki, amma sankarar mama ba ta ƙaru ba. Da aka ci gaba da bin matan har kimanin shekara 20, rahoton 2020 ya nuna ma raguwa ta yi a cikinsu. Haka kuma rahoton 2017, bayan shekara 18 ana bin matan ɓangarorin biyu, ya nuna cewa yawan mace-mace bai ƙaru ba ga waɗanda suka sha maganin.

Don kada a ce mun tauye ma'auni, akwai alƙaluman da suka fi waɗannan nauyi. A 2019 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani nazari da ya tattara bincike da yawa na ƙasashe daban-daban. Ya ƙiyasta cewa idan mata suka fara maganin suna da shekara 50 suka yi shekara 5 suna sha, to a cikin shekara 20 masu zuwa za a sami ƙarin mace ɗaya mai sankarar mama cikin kowace 50 ga masu shan homon biyu kullum, ɗaya cikin 70 ga masu shan furojastaron na wasu kwanaki a wata, ɗaya cikin 200 ga masu istirojin shi kaɗai. Masana suna muhawara kan wannan ƙiyasi, domin yawancin binciken da aka tattara ba na ƙuri'a ba ne. Amma dai kowa ya yarda cewa ga mai shan homon biyu haɗarin yana nan, kuma yana ƙaruwa da daɗewar sha. Maganin kamar zuma yake, ga zaƙi ga harbi.

Inda Masana Suka Tsaya a Yau

Hukumar NICE ta Ingila a ƙa'idojinta na 2015, waɗanda ta sabunta a 2024, da ƙungiyar masana ɗaukewar haila ta Arewacin Amurka a bayaninta na 2022, sun haɗu a kan abubuwa kamar haka.

Na farko, babu maganin da ya kai homon kashe zafin jiki da gumin dare. Yakan rage yawan tasowarsu da kimanin kashi uku cikin huɗu. Yana kuma tsare ƙashi daga karaya muddin ana amfani da shi. Ga mace mai lafiya wadda ba ta kai shekara 60 ba, ko wadda haila ba ta yi shekara 10 da ɗauke mata ba, kuma alamomin suna damunta, amfaninsa ya rinjayi haɗarinsa.

Na biyu, hanyar da maganin ya bi ya shiga jiki tana da tasiri. Ƙwayar haɗiya sai ta ratsa hanta, hanta kuwa ta ƙara haɗa sinadaran daskarar da jini, shi ya sa ƙwaya ke ninka haɗarin gudan jini kusan sau biyu. Filasta da man shafawa ta fata suke shiga jini ba su bi ta hanta ba, kuma binciken da ake da shi bai nuna suna ƙara wannan haɗari ba idan aka tsaya ga ma'aunin da aka saba. Don haka ga mace mai ƙiba ko mai hawan jini su aka fi so. Shi kuwa ɗan kaɗan ɗin da ake sa wa a gaba, abin da ke shiga jini daga cikinsa bai taka kara ya karya ba. Yana warkar da bushewa, yana rage dawowar ciwon mafitsara, kuma yawancin mata za su iya daɗewa suna amfani da shi ko da sun tsufa. Wanda zancen fitsarin goɗiya ya dama, ya sani cewa yawancin na zamani, irin su filasta da man shafawa, daga sinadaran tsirrai ake haɗa su a masana'anta, kamar waken soya da wata doyar daji. Amma fa cin doya ko awara ba zai maye gurbinsu ba, domin jikin ɗan Adam ba ya iya yin wannan juyi da kansa.

Na uku, akwai matan da maganin da ke zagaya jiki bai dace da su ba: wadda ta taɓa yin sankarar mama ko ta mahaifa, wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko a huhu, wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, mai ciwon hanta da ke ci, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba. Waɗannan ma ba a bar su haka nan ba. Akwai magungunan da ba homon ba masu rage zafin, daga cikinsu har da wani sabo mai suna fezolinetant da FDA ta amince da shi a 2023, ko da yake shi ma sai ana duba lafiyar hanta.

Na huɗu, ba a fara shi don rigakafin ciwon zuciya ko na gigin tsufa, ba kuma a fara shi don gyaran fata ko mai da tsohuwa yarinya. Har wa yau ba maganin hana ɗaukar ciki ba ne. Macen da hailarta ke tsallake wata tana iya yin ciki.

Na biyar, akwai mata da hukuncinsu daban ne, watau waɗanda haila ta ɗauke musu da wuri, kafin shekara 45, balle kafin 40, ko don kanta ko don an cire musu gidajen ƙwai a tiyata. Su waɗannan rashin homon ne haɗari gare su, ga ƙashi da zuciya, shi ya sa ake ba su shawarar amfani da shi har su kai kimanin shekara 50, in dai babu wani dalili mai hanawa. Alƙaluman 2002 ba da su suke ba.

Daɗin daɗawa, a watan Nuwamba na 2025 FDA ta bayyana cewa za a cire babban gargaɗin nan na ciwon zuciya da sankarar mama da gigin tsufa da aka ɗora a takardun waɗannan magunguna tun 2003, amma gargaɗin sankarar bangon mahaifa ga mai shan istirojin shi kaɗai yana nan daram. Wasu masana sun yi murna, wasu sun ja kunne kada a koma zamanin Wilson. Mu ma jan kunnen muke yi, domin cire gargaɗi daga takarda bai cire haɗari daga ƙwaya ba.

Mu Dawo Gida

To, jama'a, mu dawo gidajenmu. A Amurka matsalarsu ita ce yawan magana har ta zama ruɗani. A wurinmu kuwa shiru ne. Kunya ado ce, amma ita ce ke hana uwa ta gaya wa ɗanta, balle likita namiji, abin da ke damunta. Zafin da ke taso mata sai a ce bazara ce. Idan ya yi yawa a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot, a je kemis a sayo magani, a sake sayowa, ba a ga sauƙi ba. Idan ta cika fushi da kuka sai a ce kishi ne, ko iska, ko sammu. Bushewar gaba kuwa ita ke tura mata da yawa wajen masu kayan mata, su sayi haɗin da ba wanda ya san abin da ke cikinsa, su sa a wurin da fatarsa ta riga ta yi laushi. Aure nawa ne ya yi sanyi, miji yana zaton an guje shi, matar kuwa ciwo ne take ji ba ta da bakin faɗa?

Ga abin da muke ganin ya rataya a wuyanmu. Idan muka ga Inna ko Gwaggo tana fifita da sanyin hunturu, ko tana kwana zaune, kada mu yi mata dariya. Ɗa namiji ba sai ya buɗe zancen da bakinsa ba. Ya sa yayarsa ko matarsa ko ƙanwar uwar ta zauna da ita, tun da an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Nasa shi ne kuɗin mota da na kati, da neman likitan mata, mace in da hali. A gaban likita a faɗi komai: shekarunta, yaushe ta ga jini na ƙarshe, ko tana da mahaifa, ko an taɓa yi mata tiyata, ko akwai sankarar mama a dangi. A auna hawan jini da sukari, a duba mama, domin sankarar mama ce ta fi kowace sankara yawa a matan Nijeriya, kuma yawanci ba a zuwa asibiti sai ta yi nisa. A tuna kuma cewa ciwon maƙoƙo da tarin fuka su ma suna kawo gumi, likita ne zai bambance.

Kada kuma wani ya fita daga wannan ɗaki ya zarce kemis ya sayo wa mahaifiyarsa istirojin don ya ji lacca. Istirojin shi kaɗai ga mace mai mahaifa, maimaita kuskuren 1975 ne a cikin gidanmu. Idan likita ya rubuta, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, a koma wurinsa bayan wata uku, sa'an nan sau ɗaya a kowace shekara a sake auna ko a ci gaba ko a tsaya.

Akwai magana ɗaya da muke so kowa ya tafi da ita gida ko da ya manta da saura. Duk macen da haila ta ɗauke mata shekara guda, sa'an nan ta sake ganin jini, ko ɗigo ɗaya ne, to ta je asibiti ba da jinkiri ba. Hukuncin sallarta da azuminta a tambayi malamai, amma dalilin jinin likita ne zai bincika. Sau da yawa ba wani abin tsoro ba ne, amma wani lokaci shi ne alamar farko ta sankarar mahaifa ko ta bakin mahaifa, kuma idan aka kama ta da wuri ana warkewa.

Ba kowace mace ce ke bukatar homon ba. Wasu sukan wuce wannan mataki da sauƙi, wasu kuma tufafi marasa nauyi, da tafiya a ƙafa, da rage ƙiba, da abinci mai gina ƙashi kamar nono da madara da ganyen zogale sun ishe su taimako. Amma wadda take shan wahala, ta san cewa akwai magani, ta san amfaninsa da haɗarinsa, ta zaɓa da saninta.

Kammalawa

Shugaban taro, mun ga yadda wannan magani ya tashi daga yabo marar iyaka a 1966, ya faɗa cikin tsoro marar iyaka a 2002, kafin a dawo a zauna a yi lissafi. A duk lokutan biyu mata ne suka biya kuɗin gaggawar masana da 'yan jarida. Ku da za ku riƙe ma'aikatun lafiya da gidajen rediyo da azuzuwan makarantu nan gaba, idan aka kawo muku kashi kaza cikin ɗari, ku tambaya: kashi kaza na nawa, kuma a kan su wa aka gwada? Ranar 18 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar da duniya ta ware don wayar da kai game da ɗaukewar haila, muna kuwa ba wannan ƙungiya shawara ta gayyato likitar mata a wannan rana, a keɓe zama na mata zalla, a ce kowace ɗaliba ta zo da mahaifiyarta in tana kusa.

Iyayenmu sun yi rashin barci dominmu muna jarirai. Allah ya ba mu ikon kula da su, ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.